Yatsu Biyu, Ban da Babba

Laraba. Aikin farko: tarar ruwa kafin famfo ya ɗauke.

Abin da na rubuta ke nan da safiyar ranar da malaminmu Mushe Sanusi (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci) ya rasu, ban kuma ƙara komai a ƙarƙashinsa ba. Bokiti yana cika wayata ta yi ƙara. Inna Haisa ce, matarsa. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi kwanan yara ba. Ta ce, "Ramatu, zo ki duba mini Bagobirin nan. Ya ƙi tashi." Na bar famfo yana zuba, na ja hijabi, na fita da gudu. Layinmu ɗaya a unguwar Kirkisoye ta Yamai.

Na tarar da shi a kujerarsa ta gindin dogon yaro, da rigar da ya je masallaci da ita, hularsa a gwiwa, tsohon agogonsa a tafin hannu. Ruwan shayi yana tafasa a kan gawayi, ba wanda ya kula da shi.

Ni ba likita ba ce. Magani nake miƙa wa mutane a wani farmasi, amma a layinmu duk wanda jikinsa ya motsa ni ake kira. Na durƙusa, na kama wuyan hannunsa, na danna. Sai na ji bugu, mai ƙarfi, mai sauri. Na ce, "Inna, yana da rai! A nemo taksi!" Inna ta zube zaune tana hamdala, ta kama yi masa faɗa da Zabarmanci, tana dukan gwiwarsa. A nan ne na dubi hannuna. Babban yatsana ne a kan jijiyarsa. Na janye shi, na ɗora yatsu biyu kamar yadda shi da kansa ya koya mini. Shiru. Na gwada a wuyansa. Shiru. Bugun da na ji nawa ne, na macen da ta zo da gudu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da bakin da na ce mata yana da rai, da shi na faɗa mata ya cika. Ta dube ni kallo ɗaya, ta tashi ta shige ɗaki. Likitan da aka kira daga baya ya ce Mushe ya riga ya tafi tun kafin in iso.

Yau aka yi sadakar bakwai. Tsofaffin ƴan ajinmu sun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, tunda ni ce mai rubuta har kuɗin gishiri. Ban san ko na isa ba. Amma kafin in fara, akwai abin da ya hana ni sukuni duk satin nan, gara in faɗe shi tun yanzu. Inna Haisa tana da ciwon zuciya. Likita ya ba ta ƙwaya, ya ce kada ta sha sai an ƙirga bugun jijiyarta, in ya yi ƙasa a bari. Mushe ne mai ƙirgawa kowace safiya. Tun ranar da ya rasu ba ta miƙa wa kowa hannu ba, ba ta sha ƙwayar ba, ƙafafunta kuma sun fara kumbura. Ɗiyarsu Mariyama, da ke aure a unguwar Gamkale, ta yi roƙo har ta gaji. Ni kuwa, da ya kamata in yi, kunya ta hana ni kusantar ɗakin.

Mushe Sanusi Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, dogo, siriri, da tsagen Gobirawa a kumatu. Ya zo Yamai yana saurayi, ya koyar da ilmin halittu har gashinsa ya yi fari. Ni ya koyar da ni a shekarar birbe, shekarar ƙarshe ta kwaleji. Lakwal ɗinmu, wato makarantar, tana cikin gari, mu ƴan hayin kogi sai mun ƙetara gada. Kowace safiya ya wuce mu a kan mobilet, ɗan babur ɗinsa mai tari, ya ɗaga hannu ɗaya, ya nuna agogo. Ba ya tsayawa ya ɗauki kowa. Ya ce in ya ɗauki ɗaya ya zalunci sauran.

Na san darasin zuciya yana tafe tun kafin ƴan ajinmu su sani. Uwata tana sayar da kayan miya a kasuwar Piti Marshe ta wancan zamani, nakan raka ta da kaya da sassafe in wuce lakwal. Wata safiya na hango Mushe a layin mahauta, yana tsaye gaban wani tsohon Ba'adare.

"Zuciyar rago nake so," in ji shi, "wadda wuƙa ba ta taɓa ba. Da jijiyoyinta na sama, a bar su da tsawo."

Mahauta kuwa tun a mayanka suke tsaga zuciya su zubar da gudajin jini. Tsohon ya ajiye wuƙa ya ƙare masa kallo.

"Hanta fa, Mushe? Ƙoda fa? Wa ke sayen zuciya ita kaɗai, a rufe, in ba boka ba?"

"Yara zan kai wa."

"Su ci?"

"Su gani."

"To, Allah Ya kyauta. Gobe ka dawo. Amma in wani ya haukace a unguwarku, ban san ka ba."

Daga ranar mahautan layin suka raɗa masa suna Mushe Zuciya, ya bi shi har kabari. Uwata da ta ji zancen ta ja ni gefe ta ce, "Malamin naku lafiyarsa ƙalau? Ki riƙa karanta Ƙulhuwallahu kafin ki shiga ajinsa."

Washegari ya shigo da ita a faranti, an rufe da ƙyalle. Mun fi ƙarfin bencunan ajin, wasu a ƙasa suke zaune, amma ko tari ba ka ji. Bai fara da Faransanci ba. Ya ce, "Wannan ita ce zuciya. Zabarmawa, bayina, ita ce bine da kuke rantsuwa da ita." Aji ya ɗauki ihu, don tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne tun kakanni, kuma rabin ajin Zabarmawa ne. Ya zuba ruwa ta wata jijiya, ya matsa, ruwan ya fito ta wata. Sannan ya tsaga ta a hankali, ya kira mu layi layi. Gida ce mai ɗaki huɗu, in ji shi: zaure biyu a sama, ɗakin kwana biyu a ƙasa, tsakaninsu ƙyamare masu buɗewa gefe guda kawai. Ƙarar da muke ji a ƙirji, ƙarar rufe ƙyamaren ce. Ya sa kowa ya matsa bangon hagu da na dama da yatsunsa, mu ji yadda na hagu ya fi kauri, don shi ke tura jini har tafin ƙafa. Ni na taɓa ina rufe da ido. Sai bayan mun gani mun taɓa ya rubuta sunayen Faransanci a tabulo, allon aji, ya ce waɗannan na masu gyaran jarrabawa ne, mu haddace musu.

Da ya zana ta, ya rubuta "dama" a gefen da yake hagunmu. Alhasan, sarkin surutun ajinmu, ya miƙe yana murna.

"Mushe, kun yi kure!"

"Madalla. Zo nan. Juyo ka fuskanci ƴan'uwanka. Ɗaga hannunka na dama."

Alhasan ya ɗaga. A hagunmu hannun yake.

"Hagu da dama na mai zuciyar ne," in ji Mushe, "ba na mai kallo ba. Koma ka zauna, da hannun naka a sama."

Ya ce haka kogi ma yake. Mu ƴan Kirkisoye da ake kira ƴan gaɓar dama, damar ruwan ce, ta inda ya fuskanta, ba damar wanda ya tsaya a gada ba. Sannan ya nuna bangon da ya raba zuciya biyu ya ce, "Yamai tana da gada, zuciya ba ta da ita. Ranar da aka ga gada a nan, ciwo ne." Naman bai lalace ba. Da aka tashi ya miƙa wa mai gadin lakwal, muna fita muna jin ƙamshin gashi.

Darasin da ya biyo shi ne na bugun jijiya. Ya fitar da mu fili, maza da maza, mata da mata. Ya nuna mana wurin a nasa hannu, ƙasan tushen babban yatsa, ya riƙe agogo, ya ce mu fara. Can sai muryar Alhasan.

"Mushe, ni ba ni da shi!"

Mushe bai ɗaga kai daga agogon ba. "Allah Ya jiƙanka. A gaya wa iyayensa. Saura ku ci gaba."

Bayan haka ya sa mutum ɗaya cikin kowane biyu ya zagaya fili da gudu, a ga bambanci. Ni na yi gudu, abokiyar zamana Fati ta zauna a inuwa. Ta ƙirga nawa, sannan na kama hannunta in ƙirga nata. Na ji yana sukuwa kamar doki. Na ɗaga hannu cikin tsoro na ce Fati ba ta da lafiya. Mushe ya zo ya tsaya a kanmu, ya dubi Fati tana cin gyaɗarta, ya dubi hannuna. Ya taɓa babban yatsana da bakin rula.

"Wa ya yi gudu?"

"Ni, Mushe."

"To wa kika ƙirga?"

Na dubi yatsan nawa. Ya ci gaba:

"Babban yatsa yana da tasa jijiya. Kansa kawai yake ji, kamar wasu manya da na sani. Ki naɗe shi. Ki sa ƙananan nan biyu, su ne masu saurare."

An yi mini dariya har aka gama shekara. Na ɗauka in akwai darasin da ba zan manta ba a duniya, shi ne wannan.

Ba zan ce Mushe waliyyi ba ne, shi ma ba zai yarda ba. Yana da zafi. Wanda ya makara, sai ya sha faɗa a bakin ƙofa har ya raina kansa. Wanda ya zana masa zuciya irin ta katin masoya, zero ne da jan biro, ba roƙo. Ban taɓa jin ya ce wa ɗalibi "yi haƙuri" ba. In ya gane ya ƙware mutum, washegari sai ka ga dabino a kan bencinka, shi kuma yana can yana goge tabulo kamar bai san zancen ba. Amma mai makara, bayan faɗan, kullum shiga yake. Bai taɓa rufe wa kowa ƙofa ba.

Na so in zama malamar asibiti. Na ci jarrabawar birbe, na shiga lise, makarantar gaba da kwaleji, sai mahaifinmu ya rasu, karatun ya tsaya a hanya. Na koma rumfar uwata. Watanni ina kauce wa Mushe, in na hango mobilet ɗinsa sai in canza layi. Ran nan na ɗaga kai na gan shi tsaye gaban rumfar, yana cinikin daddawa kamar wanda ya san daddawa. Bai tambaye ni lakwal ba. Da zai tafi ya ce, "Ramatu, kin tuna abin da zuciya take yi tsakanin bugu da bugu?" Na ce tana hutawa, ɗakunan suna cika. Ya ce, "To. Hutu ke nan, ba tsayawa ba." Shi ne ya kai ni wurin mai farmasin da nake aiki har yau. Ya ce masa, "Ga yarinya. Tana shakkar kanta, saboda haka za ta duba takardar magani sau biyu." Har yanzu ban tabbata ko yabo ne ba.

Da aure ya kawo ni layinsu, na ga wani Mushe da ba mu sani ba a aji. Ya riga ya ajiye aiki, ciwon Inna kuma ya bayyana. Sau da yawa nakan shiga gaisuwar safe in tarar da su. Ita a kan tabarma, shi ya sauko daga kujera ya dafa gwiwa ɗaya a ƙasa.

"Miƙo hannu, baiwar Gobirawa."

"Ji bawa da baki. Wa ke durƙusa wa wani kullum safe?"

Sai ya ɗora yatsu biyu, idonsa a kan agogo, leɓunansa suna motsi. Ba mai magana, ko kaza ta shigo sai a kore ta da hannu. In ya gama ya ce "Sha," ko ya ce "Bari." Wata rana ya dube ni ya ce, "Zuciyar nan tana tsallake bugu kamar yadda mai ita take tsallake Hausa." Inna ta ce, "Da tsallaken nata ta ɗauke ka, Bagobiri. Wata da ta gudu."

Yau gidan ya cika tun hantsi. Maza a waje ƙarƙashin rumfa, mata a tsakar gida, ana ta "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyya ta Zabarmawa, ana amsawa da "sai haƙuri". Na ga Alhasan, yanzu direban babbar mota ne, da furfura a gemu. Ya fara ba mutane labarin ranar da Mushe ya yi masa addu'ar mamaci yana tsaye da ƙafafunsa, bai kai ƙarshe ba ya rufe fuska da hula. Ni ina wajen tukwane, inda na ɓuya duk satin.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, Mariyama ta kama hannuna. "Yaya Ramatu, don Allah ki shiga. Ki dubi ƙafarta kawai. Ni ta daina amsa mini."

Na shiga. Inna tana zaune a kan tabarma da kayan takaba, ta jingina da bango, carbi a hannu. Ƙafafun sun fi yadda aka gaya mini. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ku yafe mini," na ce. "Na mayar muku da shi, na kuma ƙwace."

Ta ce, "Shi ne kika ɓuya wajen tukwane kamar ɓera? Ke kina tsammani da ke nake?"

Na ce kallon da suka yi mini ranar nan har yanzu yana idona.

"Ni ko ganinki ban yi ba, ɗiyata." Ta ajiye carbin. "Ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya ciro agogo. Ya ce miƙo hannu. Na ce bari ruwa ya tafasa, Bagobiri, gaggawar me kake. Na juya ina hura wuta. Da na waiwayo, shi ke nan." Ta dubi wuyan hannunta. "Hannun da na hana shi, wa zan ba?"

Sati guda ina auna fushinta, ashe nawa bugun nake ji.

"Ɗan lokacin nan da kika ce yana da rai," ta ci gaba, "ba ƙwace kika yi mini ba. A cikinsa na samu na yi masa faɗa son raina. Na ce masa ka tsorata ni, kada ka ƙara. Na ce ga hannun. Ko bai ji ba, ni na faɗa wa mai rai."

Ban san inda na samo amsa ba, ni da ba na iya magana sai na rubuta. Na ce, "Inna, kun fi ni saninsa da mai makara. Faɗa zai yi a bakin ƙofa, sannan ya ce shigo. Agogon yana hannunsa da na zo. Bai mayar aljihu ba."

Ta yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi, ta ciro agogon. Yana tafiya. Ashe kullum safe tana murɗa shi, kada ya tsaya.

"Nuna mini yatsun tukuna."

Na ɗaga biyu.

"Babban fa?"

"Na naɗe shi, Inna."

"Da Bagobirin nan ya ga abin da kika yi ranar nan, da ya tashi ya ba ki zero, ya koma ya kwanta." Ta miƙo hannu.

Fatarta tana da sanyi. Na nemi wurin, ƙasan tushen babban yatsa. Da farko ban ji komai ba. Na sassauta dannawa. Sai ga shi, siriri, yana tafiya yana tsallake, kamar yadda Mushe ya faɗa. Na ƙirga har allurar ta zagayo. Na sake ƙirgawa, don ban yarda da kaina ba. Ta ce, "Sha ko bari?" Na ce ni ban isa in faɗi wannan ba bayan sati ba magani, sai likita ya gan su gobe. Ta ce za ta je, tunda lalura ce, amma a taksi, don ta gama hawan abin da ke tari. Mariyama tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

Ya Allah, ga bawanKa Sanusi ya zo gare Ka. Ya yi rayuwarsa yana nuna wa yara aikin hannunKa a cikin ƙirjinsu. Ka gafarta masa zafinsa da kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Duk hannun da ɗalibinsa ya riƙe don taimako, Ka rubuta masa ladan, ya zama sadaka mai gudana. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, tare da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Ka ba Inna Haisa haƙuri da lafiya, Ka daidaita mata zuciyarta ta kowace fuska. Ka riƙa wa Mariyama da ƴan'uwanta da jikokinsa, Ka haɗa kansu. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Laraba, gobe in Allah Ya kai mu:

Tarar ruwa kafin famfo ya ɗauke.
Gaya wa mai farmasi zan makara.
Taksi, ya shigo har ƙofar gida.
Tsohuwar takardar maganin Inna, tana wajen Mariyama.
Mayar da tukwanen maƙwabta, ban gama wanke biyu ba.
Tambayar mai gyaran agogo ko tsohon gilashin da ya dishe zai canzu. In Inna ta yarda.
Kafin duk wannan, kafin ruwan shayi ya tafasa: hannun Inna. Yatsu biyu, ban da babba.